Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Kasuwar Malam Atta Kan Ɓarayin Waya

Muna gaida sarakunan zango, da dillalai, da mahauta, da dukkan 'yan uwa na Nima da Maamobi da suka baro harkokinsu suka zo.

Jama'a, a da ɓarawon shanu sai dare ya raba yake shiga ruga. Na yanzu kuwa yana zaune a ɗakinsa da waya ko kwamfuta, ya kwashe kuɗin bijimi bai taɓa igiya ba. Tun da MTN ya kawo Mobile Money ƙasar Gana a 2009, ciniki da yawa a kasuwar shanu ta Tulaku da ke Ashaiman ta waya ake biya. Ƙofofi uku ne suka fi shigo mana.

Ta farko, saƙon ƙarya. Mai saye ya ce ya turo kuɗi, saƙo ya shigo, alhali shi ya rubuta shi da hannunsa. Kada mu kwance sa daga turke sai mun buga *170# mun ga kuɗin a asusu. Haka ma wanda ya ce ya yi kuskure ya turo mana, mu mayar masa.

Ta biyu, kira wai daga kamfani: za a toshe layinka, ko ka ci kyauta, faɗi lambar sirrinka. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar wannan lamba. Wanda bai iya karatun boko ba, yaro ya rubuta masa yawan kuɗin, amma lambobi huɗun nan ya danna da kansa. Kada su zama 1234 ko shekarar haihuwa.

Ta uku, WhatsApp. Za su ce an turo maka lambobi shida, ka karanta musu. Da ka karanta, sun karɓe shafinka, sai su riƙa roƙon danginka kuɗi da sunanka. Mu sa 'ya'yanmu su kunna mana makulli na biyu da ke cikinsa. Abin da baƙo ya turo ya ce a danna, a ƙyale shi, don yana iya sa wa waya ko kwamfutar ofis cuta.

In abin ya faru, kada kunya ta hana mu magana. A sanar da kamfani da 'yan sanda nan take, a kuma kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet da dokar 2020 ta kafa.

Kowa ya kai wannan saƙo ruga. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mana dukiyarmu, amin.