Wasan Kwamfuta Mai Rassa: Jawabi Ga Samarin Yola Da Jimeta

 

Abin da ya tara mu yau a nan Yola wani abu ne wanda iyaye da yawa suke ɗauka shiririta ce, watau wasan kwamfuta. Duk wanda ya zaga kasuwar Jimeta ya ga samari sun duƙufa a kan wayar hannu, suna harbi, suna tsere, suna gina birane. Galibin waɗannan wasanni a ƙasashen waje aka ƙago su, da labarin mutanen can da halayensu. Tun da yake hana yaro wasa abu ne mai wuya, ya kamata mu tambayi kanmu, shin wane ne zai riƙa tsara abin da 'ya'yanmu suke wasa da shi?

MENE NE WASA MAI RASSA?

A cikin wasannin nan akwai wani iri wanda labari ne ginshiƙinsa. Mai wasa shi ne jarumin labarin. Idan aka kai wata mararraba sai labarin ya tsaya, a ce masa ya zaɓa, abin da ya zaɓa kuwa shi zai juya akalar sauran labarin. A shekarar 1985 wani Ba'amurke, Richard Garriott, ya fitar da wasa mai suna Ultima IV, wanda tun daga farkonsa ake yi wa mai wasa tambayoyi, kowace tambaya tana gwara kyawawan halaye biyu, kamar gaskiya da tausayi, a ce ya fifita ɗaya.

To, wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu suna da tatsuniyoyin da ba su ƙarewa sai da tambaya. Alal misali, a ce mutum yana fito da mahaifiyarsa da matarsa, jirgi ya kife, ga shi mutum ɗaya kaɗai zai iya ceta. Sai mai ba da labari ya ce, wa zai ɗauka? Nan gardama take sarƙewa har dare ya raba. A shekarar 1975 wani masani, William Bascom, ya tara irin waɗannan labarai daga sassan Afirka ya yi littafi guda. Ashe ke nan iri yana rumbunmu, sabuwar gona kawai muka samu.

LISSAFIN RASSA

Wanda zai tsara irin wannan wasa, lalle ne ya fara da lissafi. Idan kowace mararraba tana da hanya biyu, kuma kowace hanya ta tafi abinta har abada, to mararraba 10 za ta haifi ƙarshe 1,024. Idan aka kai mararraba 20, ƙarshen ya wuce miliyan ɗaya. Babu marubucin da zai iya rubuta wannan, ko da kuwa ya yi shekarun Annabi Nuhu.

Saboda haka gwanayen sana'ar suna yin koyi da kogi. Ku dubi Binuwai idan ruwa ya janye, yadda yake rabuwa ya kewaye tsibirin yashi, sa'an nan ya sake haɗewa. Haka ake yi wa labari: hanyoyi su rabu, su yi 'yar tafiya, su komo babbar kwata. Amma kwamfuta tana riƙe da lissafin abin da mai wasa ya aikata. Ya cika alkawari? An rubuta. Ya ci amana? An rubuta. Can gaba, sa'ad da ya manta, sai ya zo neman taimako wurin wanda ya yaudara, ya tarar da ƙofa a rufe. Da wannan dabara mararraba 20 tana iya ƙarewa da ƙarshe huɗu ko biyar kawai, kuma kowane mai wasa ya ji cewa abin da ya shuka shi ya girba.

ZAƁI MAI WUYA

Yanzu mun zo ga zuciyar magana. Idan aka ce wa yaro, ka taimaki tsohuwa ko ka ture ta, ba a ba shi zaɓi ba, jarrabawa aka yi masa, kuma ya san amsar da malam yake so. Zaɓin da yake gina hankali shi ne wanda kowace hanya tana da hujja, kowace kuma tana da asara, gaba kura baya sayaki.

Bari mu ƙaga misali. A ce jarumin wasanmu ɗan mai fito ne a wani gari na almara a bakin Binuwai. Damina ta yi ƙarfi, ruwa yana hawa. Cikin dare sai aljanar ruwa ta fito masa, ta ce za ta kawar da ambaliya daga garinsu, amma ruwan zai koma kan ƙauyen da yake ƙetare. Idan ya yarda, gidansu da gonarsu sun tsira, amma mutanen ƙetare, waɗanda kullum shi yake fito da su kasuwa, za su kwana cikin ruwa. Idan ya ƙi, shi da iyayensa za su rasa amfanin shekara. Akwai kuma hanya ta uku: ya tashi garuruwan biyu da kururuwa, kowa ya tsira da ransa, kowa ya yi asarar dukiya, aljana kuwa ta ƙulla gaba da shi har ƙarshen wasa. Mutanen da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba sai an yi musu bayanin nauyin wannan zaɓi ba.

Ku lura da ƙa'idoji uku a nan. Na farko, mai wasa ya san mutanen da abin zai shafa tun kafin a kai mararraba, domin ba a jin zafin asarar wanda ba a sani ba. Na biyu, kada a yaudare shi, a nuna masa gwargwadon abin da mai hankali zai iya hangowa. Na uku, kada marubuci ya fito ya yi wa'azi. Sakamakon ya isa wa'azi.

TARIHINMU CIKE YAKE DA MARARRABA

Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841. Bayan shekara 60, a watan Satumba na 1901, sojojin Ingila suka auka wa garin. Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fita, ya gwabza da Jamusawa a Garwa da Marwa, har aka kashe shi a 1903. Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Ku yi tunanin talakan Yola a ranar nan. Ya bi Lamiɗo ya bar tsofaffinsa, ko ya zauna ƙarƙashin baƙo domin ya tsare iyali? Haka kuma a watan Fabrairu na 1961 mutanen Arewacin Kamaru, ciki har da Mubi da Ganye, suka jefa ƙuri'a suka zaɓi zama cikin Nijeriya. Wasan da ya sa yaro a cikin takalmin waɗannan mutane zai koya masa tarihin da ba zai manta ba. Ga kuma Sukur, can ƙasar Madagali, wadda Hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Mai neman fagen almara ba ya bukatar aron dutsen wani.

KAYAN AIKI

Kada wani ya ce sai mai kuɗi. Akwai manhaja mai suna Twine, wadda aka fitar a 2009, kyauta ce, kuma da ita ake rubuta labari mai rassa ko da mutum bai koyi ilmin tsara manhaja ba. Kafin ma a taɓa kwamfuta, takarda da fensir sun isa a zana taswirar rassa, a karanta wa abokai, a ga inda gardama za ta tashi. Inda ba a yi gardama ba, zaɓin bai nuna ba, a sake shi. Maƙwabtanmu na Kamaru sun riga sun gwada: a 2016 kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde ya fitar da wasan almara mai suna Aurion, wanda aka gina a kan al'adun Afirka. Mu kuwa a nan muna da Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, inda ake koyar da ilmin kwamfuta. Abin da ya rage shi ne mai ilmin na'ura ya haɗa kai da mai zane, da makaɗi, da tsohuwar da ta san tatsuniya.

GARGAƊI

Jihar Adamawa gida ce ta Fulani, da Bachama, da Chamba, da Kilba, da Margi, da Hausawa, da sauran kabilu masu yawa, Musulmi da Kirista. Kada a mai da wata kabila ita ce mugun labari. Kada a taɓa abin da addini ya tsarkake. Wanda zai ɗauki tarihin wani gida ya nemi dattawan gidan ya ji daga bakinsu. Iyaye kuma su zauna da yaro su tambaye shi abin da ya zaɓa, da dalilinsa, kamar dai yadda kakanni suke yi bayan an gama tatsuniya, sa'an nan su ƙayyade masa lokaci don kada wasa ya ci karatu da ibada.

Jama'a, ƙasa tana bukatar 'ya'yan da suka saba auna magana kafin su yanke hukunci, domin su ne alƙalai da hakimai da masu jefa ƙuri'a na gobe. Ina roƙon kowace makaranta da take da wakili a nan ta kafa ƙungiyar ɗalibai, su rubuta labari ɗaya mai mararraba biyar, da Hausa ko Fulatanci ko wani harshe na jihar nan, kafin ƙarshen zangon karatu.

Allah ya taimake mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.