Makullin wayarka yana hannun wa?

Na gode da kuka zo duk da zafin ranar nan. An ce in yi magana kan abin da samari ke kira "rut", wato buɗe cikin wayar Android har mutum ya kai ga fayilolin da take aiki da su. Bari in fara da abin da ya same ni, don kar ku ce karatun takarda nike muku.

Ina shekara ta biyu a jami'a a Yamai, wayata ta cika. Kullum sai ta ce memwar ba wuri, ga tarin aplikasiyon da suka zo da ita, ban taɓa buɗe su ba, kuma sun ƙi gogewa. Wani abokina ya ce in kai ta kasuwa a yi mata rut. Na biya jika biyu. Da na koma da marece, waya ta dawo fes kamar sabuwa, ba hoto ko ɗaya. Hotunan babana na ƙarshe, Allah ya jiƙan shi, suna ciki. Mai gyaran bai yi mini ƙarya ba. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

To mine ne rut ɗin? An gina Android a kan Linux, kuma a Linux akwai mai izini guda da ba a hana shi komi, sunanshi rut. Wayar da ka saya, ba a ba ka wannan izinin ba. Ku ɗauke ta kamar gidan haya: kowace aplikasiyon da ɗakinta da makullinta, WhatsApp ba ta leƙa ɗakin banki, banki ba ya leƙa ɗakin WhatsApp. Rut shi ne makullin da ke buɗe duka ɗakunan.

Kafin a kai gare shi, galibi sai an kwance makullin farko, wanda ke tsare tashin waya, ana ce mishi butloda. Kwance shi yana goge duk abin da ke cikin wayar. Da gangan aka yi haka, don kar ɓarawo ya bi ta nan ya kwashi bayananka. Abin da ya ci hotunana ke nan. Bayan nan sai a sa wani abu kamar Magisk, wanda ke tambayarka duk lokacin da wata aplikasiyon ta nemi izinin rut.

Ni ban ce son leƙa cikin waya laifi ne ba. Da kuɗinka ka saye ta. A 2019 Google da kanta ta bayyana cewa an samu wasu wayoyin Android da muguwar manhaja mai suna Triada tun kafin su shigo kasuwa. A 2018 kuma Huawei ta daina ba mutane lambar kwance butloda. Kun ga tambayar wa ke da iko da wayar da muka biya, tambaya ce ta gaske.

Amma ku ji farashin. A wayoyin Samsung akwai alamar Knox: in ta sauya, ta sauya ke nan, ko ka mai da wayar yadda take. Aplikasiyon na banki da yawa suna bincikar waya ta hanyar Play Integrity, in sun ga an taɓa ta sai su ƙi buɗewa. Sabuntawar tsaro tana iya tsayawa. In aka sa fayil ɗin da ba na samfurin wayarka ba, tana iya ƙin tashi kwata-kwata.

Wanda ya fi damuna shi ne wannan. Saƙon WhatsApp a kulle yake a hanya, amma in ya iso wayarka a buɗe yake, shi ya sa kake karanta shi. Duk aplikasiyon da ka ba izinin rut tana iya shiga ɗakin nan. Kuma ba asirinka kaɗai ke ciki ba: akwai lambobin ƴan gurup ɗinku, da muryar ƙanwarka, da hoton katin ɗan ƙasa da wani ya turo maka bisa amana. Su ba ka shawarce su ba.

Saboda haka ga abin da nike roƙo. In cikar memwar ce matsalarka, shiga Paramètres, yawancin aplikasiyon ɗin nan ana iya kashe su da Désactiver. Masu taurin kai kuma, da kwamfuta da igiyar caji da wani abu da ake kira ADB ana cire su daga gabanka ba tare da rut ba. In koyo kake so, nemi tsohuwar waya wadda ba layinka a ciki, ka kwashe komi tukuna, ka yi da hannunka. Ku guji masu cewa latsa sau ɗaya an gama, don ba ku san wa kuka ba makulli ba.

Wanda ya riga ya yi wa wayarshi rut, kar ya ji kunya. Ya same ni bayan mun tashi, mu duba tare waɗanne aplikasiyon ya ba izini.