Bangon Bayan Murhu: Yadda Za Mu Gyara Shi Da Hannunmu

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na 'yan ƙungiya a Potiskum)



Maganar da zan yi yau a kan bango ce, kuma ba bangon falo ko na zaure ba, wanda kowa ke ƙoƙarin gyarawa don idon baƙo. Ina nufin ɗan bangon nan da ke bayan murhu da wurin wanke-wanke a ɗakin girki. Duk gidan babu bangon da ke shan wahala kamarsa: hayaƙi, fantsalin mai da miya, tururi da ruwan wanke-wanke, kullum sau uku. Idan maiƙo ya shige cikin filasta, wanki ba ya fitar da shi. Sai kyankyaso ya samu abinci, sai danshi ya riƙa cin bango daga ƙasa, alhali a nan ne ake dafa abin da yaranmu ke ci.

Kare bango ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu a Kano da Zariya da Katsina suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna kuma haɗa laso da katsin marina don ruwa ya kasa ratsawa. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya ga gwanintar magina. Kayan aikin ne kurum suka sake. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga Borno a 1991, gini da bulo ya yi ta ƙaruwa a garin nan. Siminti kuma ba ya yi mana nisa, domin masana'antar Ashaka, wadda ta fara aiki a 1979, tana nan kan hanyarmu ta zuwa Gombe.

To, da me za a rufe bangon? Abu huɗu ne ake gani a kasuwa. Akwai tayil, akwai fallayen roba masu ado da ake kira PVC, dangin waɗanda ake yin silin da su, akwai takarda mai gam a baya wadda ake ɓarewa a manna, sannan akwai fenti mai maiƙo.

Bari in tsaya a kan fallayen roba, domin su ne suka fi jan ido. Suna da kyau, ba su da nauyi, ana yanka su da ƙaramin zarto, kuma mutum ɗaya zai iya kafa su cikin yini guda. Amma fa roba ce. Tana fara laushi da lanƙwasa tun zafi bai kai na tafasasshen ruwa ba, wato digiri 100, alhali man da ake suyar ƙosai da shi yana kaiwa wajen digiri 180. Idan kuwa wuta ta ci ta, hayaƙin da take fitarwa yana ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Saboda haka ina roƙonmu, kada a kafa roba a bayan gas ko risho ko kurfoti. Wurinta shi ne gefen wanke-wanke da inda ake jera kwanuka, nesa da harshen wuta. Ita ma takarda mai gam haka take: zafin bazararmu ma kan sa ta saki, kyankyaso ya mai da bayanta gida. Araha dai ba ta ado. Bayan murhu na tayil ne, domin shi ƙasa ce da aka gasa, wuta ba baƙuwarsa ba ce.

Kafin a sayi komai, a duba bangon da kansa. Idan ginin ƙasa ne, tayil ba ya zama a kansa. Nauyinsa zai ɓamɓaro yaɓen gaba ɗaya. Mai irin wannan ɗaki sai ya tayar da ɗan gajeren bango na bulo a gaban na ƙasar, ya yi masa filasta, sannan ya manna. Idan bangon bulo ne amma yana jiƙewa da damina, to a fara toshe inda ruwan ke shigowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda kuma ke gidan haya, kamar yadda da yawanmu muke, ya nemi yardar mai gida tukuna, a kuma daidaita a gaban shaidu ko za a cire kuɗin aikin daga kuɗin haya. Tayil ba tabarma ba ne da za ka naɗe ka tafi da abinka ranar tashi.

Sai awo. A ɗauki misalin bango mai tsawon mita 3, ana son a rufe tsayin santimita 60 daga kan teburin girki. Idan tayil ɗin mai santimita 20 da 30 ne, aka tsayar da shi a tsaye, layi 2 za a yi, kowane layi guda 15, jimla 30 ke nan. A ƙara 3 ko 4 saboda fashewa da yanka. A saya gaba ɗaya a lokaci guda, a kuma buɗe kwali a shago a duba, domin launin wani kwalin kan ɗan bambanta da na wani. A zaɓi mai santsi; mai gurza-gurza yana riƙe maiƙo.

Kayan aiki ba su da yawa: tef ɗin awo, lebur, igiya, cokalin gini, kwano, soso, tsinken ashana da abin yanka tayil, wanda ana iya arowa wurin masu sana'ar. Ga yadda aikin ke tafiya.

Na farko, a kashe wutar gidan daga babban makunni, a kuma fitar da tukunyar gas waje. Kada wani ya ce ai an ɗauke wuta. Ba ta sallama in za ta dawo. Idan akwai soket a bangon, a kira mai gyaran wuta ya sassauta shi, wannan ba aikin gwaji ba ne.

Na biyu, a wanke bangon da ruwan zafi da sabulu, a kankare tsohon fenti, a sassare fuskar filastar da guduma don ta samu wurin kamawa. Siminti ba ya kama maiƙo, ba ya kama fenti. Idan sabuwar filasta za a yi, kwano 1 na siminti da kwano 4 na yashi ya isa, a kuma ba ta aƙalla mako 2 kafin a ɗora mata tayil.

Na uku, a ja layi madaidaici da lebur. Kada a amince da teburin girki ko daɓen ƙasa, sau da yawa a karkace suke. Layin farko shi ne limami. In ya karkace, duk sahun da ke binsa ya karkace.

Na huɗu, mannawa. Idan da siminti za a yi, a jiƙa tayil cikin ruwa kamar rabin awa, a tsame shi ya tsane, a kuma yayyafa wa bangon ruwa. Busasshen tayil yana tsotse ruwan kwaɓin, shi ya sa kuke ganin yana zubowa bayan 'yan watanni. Idan kuwa gam ɗin tayil na buhu aka saya, ba a jiƙawa, sai a bi abin da aka rubuta a jikin buhun. A shafe bayan tayil ɗin gaba ɗaya, kada a ɗiga kwaɓi a kusurwa huɗu a bar tsakiya wayam. A danna, a bubbuga a hankali da ƙotar cokali, a sa tsinken ashana tsakanin kowane biyu don tazara ta zo ɗaya. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za a ƙarar kafin ya fara daskarewa, musamman da hunturu da iska ke busar da komai nan take.

Na biyar, a bar shi ya kwana, washegari a cire tsinkayen, a cike tsagogin da farin siminti, a goge da soso mai ɗan danshi kafin ya bushe. Kada a yi wannan cikon da hodar da ake yin adon silin da ita. Daga farin dutsen nan take, irin wanda ake haƙowa a ƙasar Fika, kuma ba ta jure ruwa. Sannan a ɗaga wa murhun ƙafa na kwana 2 ko 3, a yi girki a tsakar gida. Sauri ya haifi nawa.

Ga masu kafa fallayen roba a gefen wanke-wanke, bango ya kasance busasshe kuma sumul. A manna da gam, a toshe bakin sama da na ƙasa sosai don kada ruwa ko ƙwaro ya samu mashiga. Wanda aljihunsa bai kai ko ɗaya ba, ya yi filasta mai santsi, ya shafa fenti mai maiƙo hannu biyu. Ana wanke shi, ana kuma sabunta shi ba da tsada ba.

Akwai abu ɗaya da ya fi duk wannan muhimmanci. Tayil yana kare bango, amma ba ya kare ƙirjin mai girki. Baƙin da kuke gani a bango, irinsa ne ke shiga huhun iyayenmu mata da yaran da ke goye a bayansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020. Saboda haka duk wanda zai taɓa bangon kicin, ya yi amfani da wannan dama ya buɗe taga ko ya sa bulo mai huda a can sama, inda hayaƙi ke taruwa. In kuɗin ba zai kai duka biyun ba, a fara da tagar.

Shawarata ta ƙarshe ga magidanta ita ce, a tambayi uwargida kafin a auna, domin ita ta san iyakar inda mai ke fantsama. Matasanmu kuma su tsaya su koya. Wanda ya iya mita 3 a kicin ɗin mahaifiyarsa ya kama hanyar sana'a. Ina kuma ba ƙungiya shawara ta sayi abin yanka tayil da lebur guda ɗaya-ɗaya, a ajiye wurin ma'aji, duk mai bukata ya ara ya mayar.

Mai tambaya yana iya ɗaga hannu. Allah Ya tsare mana gidajenmu daga gobara, Ya mai da kowa gida lafiya.