Sikanar mota da tattara bayanan inji: daga filin tsere zuwa garejin Baure

Kowace motar fetur da aka sayar a Amurka daga shekarar 1996 tana ɗauke da wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD-II. Turai ta wajabta irinsa ga motocin fetur a 2001, na dizal kuma suka biyo baya. Asalin dokar don rage hayaƙi ne, kuma hukumar kula da tsabtar iska ta jihar Kalifoniya ce ta fara matsa wa kamfanoni lamba. Amma da yake ta wannan ƙofa ake jin abin da kwamfutar mota ke gani, sai masu tseren mota suka mayar da ita kayan aiki. Yawancin motocin tokumbo da ke bin hanyar Daura zuwa Zango zuwa Baure suna da wannan soket, sai dai tsofaffin Golf na Turai da aka ƙera kafin 2001 sau da yawa ba sa amsa wa sikana ta gama-gari sai manhajar VCDS ta motocin Volkswagen.

A garejin ƙasar nan aikin sikana kusan guda ɗaya ne: fitilar cek-inji ta kama, a jona, a karanta lamba irin P0300 ta fashin wuta ko P0171 ta ƙarancin mai, a goge, mai mota ya biya ya tafi. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da na'urar ke iyawa. Babban aikinta shi ne rubuta abin da inji ke yi daƙiƙa bayan daƙiƙa yayin da mota ke tafiya da nauyi a kanta, a ajiye shi, a zauna a duba daga baya. Ko ƙaramar na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, tare da manhajar Torque, tana yin wannan.

Masu tseren gajeren zango suna cin moriyar hakan sosai. Motoci biyu ke tashi daga tsaye su miƙe zangon mita 402, wato rubu'in mil. Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 domin a ɗauke matasa daga titunan Kalifoniya zuwa filin da aka killace. Manyan motocin Top Fuel, waɗanda tun 2008 aka rage musu zango zuwa mita 305 bayan rasuwar direba Scott Kalitta, suna gamawa cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu da gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Waɗannan suna da na'urorinsu na musamman. Sikana ta mai motar gida ce, wanda ke cinye zangon cikin daƙiƙa 15 ko 16 kuma yake neman rage rabin daƙiƙa. Filin tsere yana ba shi takarda mai nuna lokacinsa a mita 18 na farko, da rabin zango, da ƙarshe. Takardar tana faɗa masa inda ya yi asarar lokaci, bayanan sikana kuma su faɗa masa dalili.

Kuskuren farko da sabon shiga ke yi shi ne zaɓen komai. Sikana tambaya take yi, kwamfutar mota ta ba da amsa, ɗaya bayan ɗaya. A motocin da suka girmi tsarin sadarwa na CAN, wanda Amurka ta wajabta daga 2008, layin yana da nawa ƙwarai, amsa biyar zuwa goma kawai ake samu a daƙiƙa. Idan mota na ba da amsa biyar a daƙiƙa aka kuma nemi abu goma, kowane abu sau ɗaya za a gan shi cikin daƙiƙa biyu, wato sau takwas a tseren daƙiƙa 16. Duk abin da ya faru lokacin canjin giya ya wuce ba a gani ba. Don haka gwanaye ke taƙaitawa ga abu huɗu ko biyar: juyin inji a minti, gudun mota, buɗewar totur, taimin na wuta, da zafin iskar da ke shiga. Sauran a bar su ga wani zagayen.

Taimin ne ya fi bukatar natsuwa. Fulogi yana ba da wuta kafin fistin ya kai ƙololuwa, kuma yawan wannan gabatarwa da digiri ake auna shi. Idan fetur bai da kyau ko iska ta yi zafi, sauran man da ke cikin silinda yakan fashe da kansa kafin wutar ta iso gare shi, sai a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Akwai sensa a jikin inji da ke jin wannan tun kunnen direba bai ji ba, kwamfuta kuma nan take ta ja taimin baya don kada fistin ya huje. A kan jadawali abin a fili yake: juyin inji na hawa daga 4,000 zuwa 5,000, totur a buɗe gaba ɗaya, layin taimin da ya kamata ya tafi sumul sai ya zube da digiri uku ko huɗu, ya farfaɗo, ya sake zubewa. Ƙarfin da aka rasa ke nan, kuma fitilar cek-inji ba za ta kama ba. Sikana ta gama-gari jimillar taimin kawai take nunawa. Adadin da aka janye sai manhajar kamfani, irin Techstream ta Toyota.

Sai ma'aunin iska da mai. Fetur yana ƙonewa tsaf idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi, kuma a nan kwamfuta ke riƙe inji a tafiyar yau da kullum. Da an taka totur har ƙasa sai ta daina bin sensar salansa, ta ƙara mai zuwa wajen 12.5 ko 13, domin ƙarfi da sanyaya silinda. Tsohuwar sensa mai lilo tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt ba ta iya faɗin adadi a wannan yanayi, abin da ta sani kawai mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Mai gyaran tsere na gaskiya yakan ɗaura sensa mai faɗin awo a salansa. Famfon mai da ya gaji a nan yake tona kansa, domin a tsaye lafiya lau yake, sai a saman giya ta uku adadin ya fara hawa zuwa 14.

Yanayin ƙasar Daura yana shiga lissafin sosai. Iska mai zafin digiri 40, irin ta azahar a watan Afrilu, ta fi ta digiri 15 ta asubahin hunturu sauƙi da kusan kashi 8 cikin ɗari, ƙarfin inji kuma yana bin nauyin iskar da ya shaƙa. Wanda ya gwada mota da safe, ya canja fulogi, ya sake gwadawa da rana, zafin rana ya auna. Ƙa'idar ita ce abu ɗaya ake canjawa, a hanya ɗaya, da mai ɗaya, a zafi kusan ɗaya, a maimaita sau uku. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska tana kuma ɓata sensar awon iska. Man galan na 'yan bumburutu, wanda ba baƙo ba ne a garuruwan kan iyaka, ba a san abin da aka gauraya a cikinsa ba. Ko a gidajen mai an taɓa ganin haka a Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai yawan metanol ya shigo Najeriya ya lalata injuna.

Baure ba ta da killataccen filin tsere, titin da ya ratsa gari kuma na 'yan makaranta ne da amalanke da dabbobi, ba wurin gwada gudu ba. Amma hanyar aikin tana amfanar direban motar Sharan da ke lodin kasuwar Babban Mutum. Misali guda shi ne ɗabi'ar cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, da sunan motar Turai ba ta jure zafin Arewa. Tafiyar minti ashirin da sikana a jone takan nuna zafin ruwa ya tsaya ƙasa da digiri 85 zuwa 95 da aka ƙera injin a kai, musamman da sanyin safiya, kwamfuta kuma tana ta ƙara mai tana zaton inji bai ɗumama ba. Haka nan alkaluman gyaran mai na dogon lokaci: idan sun haura kashi 10 a tsaye suka sauko a gudu, iska ce ke sata ta wani tiyo da ya tsage, ba a bukatar tafiya Kofar Ruwa a Kano sayen nozul.

Sikana karatu take yi, ba ta sauya taswirar mai da wuta da ke cikin kwamfutar mota. Wannan aikin wasu manhajoji ne irin HP Tuners da Hondata, kuma ana taɓa su ne bayan an ajiye kwafin asalin taswirar, an kuma tara bayanan motar tun kafin a canja mata komai.