Alƙawarin Glasgow da Murhun Kwaciri



A 2021, a birnin Glasgow, Shugaba Buhari ya yi wa duniya alƙawari. Nan da 2060, Najeriya za ta daina ƙara hayaƙin da ke ɗumama duniya. Alƙawari ne mai kyau.

To amma ku leƙa unguwar Kwaciri a Kano. Gas ya yi tsada, uwargida ta ajiye tukunyarsa ta koma gawayi. Gawayi kuwa daji ne aka sare. Nan kusa kuma, ambaliyar 2022 ta lalata dukiyar 'yan kasuwar Kantin Kwari.

Abu biyu muke nema. Na farko, gwamnati ta sauƙaƙa gas, ta yashe magudanan ruwa. Na biyu, ƙasashen da suka fi tayar da hayaƙi su biya kuɗin gyara. Kada a ɗora wa talaka bashin da bai ci ba. Wannan shi ne adalci.

Mu kwana lafiya.