Ƙwarzane Daban, Tsaga Daban: Jawabi a Taron Shekara na 'Yan Birchi

Mai girma shugaban taro, iyayenmu, malamanmu, da 'yan'uwa da kuka taso daga Katsina, Kano, Kaduna da Abuja, barkanku da zuwa gida.

An nemi in yi magana a kan sana'a, ni kuwa bakanike ne, saboda haka zan tsaya inda na sani. Da yawanku kun shigo da motoci, kuma duk wanda cikin motarsa ya taɓa dutse a hanyoyin ƙauyukanmu da damina ya san faɗuwar gaban da ake yi. Abin da kan sha bugun, sau da yawa, kwanon giyabos ne, wanda a yawancin ƙananan motocin yanzu da alminiyon ake zuba shi.

Idan ƙwarzane ne kawai, kada a ɓata kuɗi. Alminiyon ba ya jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da kansa yake yin wata fata siririya mai kare shi. A wanke wurin, a goge da samfefa, idan akwai ɗan rami a cike da gam mai haɗi biyu, shi ke nan.

Amma a fara tabbatarwa ba tsaga ba ce. A shafa kananzir, a jira kaɗan, a goge tas, sannan a barbaɗa garin alli. Idan siririn layi ya jiƙe, to kwanon ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta nan man giya zai riƙa ɗiga har haƙoran giya su cinye juna.

Tsaga kuwa ba aikin kowane mai walda ba ne. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, amma fatar nan tasa sai ta haura digiri 2,000, kuma ba ya yin ja kafin ya narke. Shi ya sa ake buƙatar walda mai iskar argon da hannun da ya ƙware.

Na taɓa sayen giyabos na hannu da aka liƙe tsagarsa aka bi da fenti. Bai yi wata guda ba ya tsaya mini cikin dare. Wannan cin amana ne, kada yaranmu su koye shi.

Roƙona gare ku mazauna birane shi ne, ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin matasa ko da biyu su koyo wannan walda, a saya musu na'ura. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 motoci suka ƙaru a yankinmu. Maimakon a riƙa nufar Ƙofar Ruwa a Kano neman wani kwanon, gara a gyara shi a gida, kuɗin ya zauna a Birchi.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.