Ƙaramin Lagireton da Aka Manta a Cikin A-kori-kura



Duk wanda ya tsaya bakin hanyar da ta tashi daga Damagaram ta ratsa Bakin Birji da Tanut ta miƙe Agadas, ko ya leƙa tashar Belbeji ranar kasuwa, ya san motocin da ke ɗauke da yankin Damargu. Tsofaffin a-kori-kura ne: Land Cruiser samfurin 70 da Toyota ta fara ƙerawa a 1984, da Hilux, da ragowar Fijo 404 da 504, dangin waɗanda masana'antar Kaduna ta riƙa harhaɗawa bayan buɗe ta a 1975. Su ke kai gero da awaki da fasinja inda kwalta ba ta kai ba. Laccar yau a kan wani ɗan ƙarfe take da ke ɓoye a cikinsu, wato lagireton hita.

Ba kowace mota ke da shi ba. Wasu da aka ƙera don ƙasashen zafi sun zo babu, amma waɗanda aka yi amfani da su a Turai suka shigo ta Kwatano kusan duk suna da shi. Yana zaune ƙarƙashin dashbod. Tiyo biyu ne ke haɗa shi da inji, ɗaya ya kawo ruwan zafi ɗaya ya mayar, fanka kuma ta hura ɗumin cikin gida. Ke nan ruwan da ke sanyaya inji shi ne ke bi ta cikinsa, da zafin da ya kusa digiri 90. In ya huje, inji ne ke asarar ruwa.

Yoyonsa ba ya ɓoyuwa ga mai lura: ruwa na raguwa ba a ga ɗigo a ƙasa ba, shimfiɗar ƙafar fasinja ta jiƙe, gilashin gaba ya yi hazo mai maiƙo.

Abin da akasarin gareji ke yi sananne ne. A zare tiyon biyu, a haɗa bakinsu da guntun bututu, a ce wa mai mota hita kayan Turawa ne. A tsakiyar daji wannan dabara ce mai kyau, ta kai motoci da yawa gida. Matsalar ita ce a mayar da ita gyaran dindindin. Direban da ya taɓa tashi da asuba daga Tanut cikin hunturun Janairu ya san ɗumi ba ƙawa ba ne. Ga kuma wani amfani da tsofaffin direbobi suka sani: idan allurar zafi ta fara hawa a cikin rairayi, buɗe hita har ƙarshe na ɗebe wa inji wani zafin. Mutum zai sha gumi, amma ya fi ƙona gaskit.

Canjin lagireton hitar kansa haƙuri yake so fiye da ƙarfi. A bar inji ya huce tukuna, domin buɗe murfin lagireto da zafi ya sale wa mutane fata. A cire batir, a tsiyaye ruwan, a kwance tiyon daga ɓangaren inji, sannan a sauke akwatin hita. Nan aikin yake, don a wasu motocin sai an ɗaga dashbod gaba ɗaya, robobin kuma rana ta gasa su, taɓa su da gaggawa sai karaya. Tsohon lagireto na jan ƙarfe da tagulla yana liƙuwa da dalma a hannun gwani. Na alminiyam mai kan roba kuwa, canji ya fi. Kafin a ɗaura, a toshe baki ɗaya, a hura iska, a tsoma shi cikin ruwa a ga ko zai yi kumfa. A sa sabon tiyo, a cika ruwa, a tada inji hita na buɗe har iskar da ta maƙale ta fita.

Sai dai mai laifin asali shi ne ruwan da ake zubawa. Damargu ƙasar rijiya mai zurfi ce, kuma yaron mota abin da ya samu yake ɗurawa, na rijiya ko na tabki. Gishirin da ke cikinsa na daskarewa ya toshe ƙananan hanyoyin, tsatsa ta ci sauran. Ruwan sanyaya inji na kanti yana da maganin tsatsa, kuma kuɗinsa bai kai na sauke kan inji ba.

Amma ruwan kantin nan guba ne mai zaƙi, yana lalata ƙoda. Kanikawa, don Allah a tare wanda aka tsiyaye a cikin jarka a rufe, kada a malalar da shi a filin gareji inda awaki da yara ke yawo.